Ɓawon jatan lande ba shara ba ne

Duk lokacin da na shiga kasuwar kifi a Duwala, abin da ke fara tarbata shi ne warin ɓawon jatan lande da na ƙaguwa da aka zubar. Abin ya dame ni, domin sunan ƙasarmu ma daga wannan halitta ya samo asali: a 1472 Turawan Fotugal suka kira kogin Wuri "Rio dos Camarões", wato kogin jatan lande.

Jama'a, kuɗi muke zubarwa. A cikin ɓawon nan akwai sinadarin kitin. Ana jiƙa ɓawon a asid ya narkar da allin jikinsa, a dafa shi da soda a cire ragowar nama, a ƙara dafawa da soda mai ƙarfi, sai ya koma kitosan. Shi ake narkarwa a ruwan khal, a sa ya daskare kamar kokon da ya kwana. Daga nan sai a zare ruwan ba tare da abin ya motse ba, ko dai ta hanyar ƙanƙararwa a injin da ke zuƙe iska, ko da iskar kabon mai matsi sosai. Abin da ya rage shi ne erojel: soso mara nauyi, fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa iska ce. Samuel Kistler ne ya fara yin erojel a Amurka a 1931. Na kitosan yana kama rini da gubar ƙarafa a gurɓataccen ruwa, yana tare zafi, ana kuma gwada shi wajen ɗaure rauni.

Injin busarwar nan tsada gare shi, ba na musu. Amma matakin farko, wato tara ɓawo, wanke shi, shanya shi da fitar da kitin, bai fi ƙarfin ɗakin gwaji na jami'a da ɗan jari ba. Mu da muka iya fataucin goro da fata, me zai hana mu?

Shawarata ga iyaye: yaron da ke son kimiyyar sinadarai, a bar shi ya yi karatunsa, kada a ce shago ya fi. 'Yan kasuwarmu kuma su nemi irin waɗannan yara su zuba musu jari. In ba haka ba, wata rana baƙo zai kwashe ɓawon a banza, ya dawo ya sayar mana da matatar ruwa da tsada.