Kuɗin gyaran gida da haraji a Duwala

A Kamaru, kuɗin da magini ya karɓa ya bar aiki rabi ba ya rage harajin gidan da mutum yake zaune a ciki. Mai gida a unguwar New Bell ko Sodiko a Duwala zai biya harajin fili kamar kullum, kashi 0.1 cikin ɗari na darajar gidan.

Mai gidan haya ne ke da ɗan sauƙi. Doka tana cire masa wani kaso na kuɗin haya a madadin ɗawainiya, ko ainihin abin da ya kashe idan ya kawo takardu. A nan gizo ke saƙa, domin yawancin ciniki da magina a unguwa da baki ake yinsa, a biya hannu da hannu. Wanda magini ya ci kuɗinsa kuma ba shi da rasit sai kotu, ƙarƙashin sashe na 318 na dokar laifuffuka kan cin amana.