Digirin Tsara Wasannin Bidiyo: Yana Kai Mutum Ga Aiki Kuwa?

Kowace shekara, idan lokacin cike takardun neman shiga jami'a ya zo, mu malamai mukan sha tambayoyi daga ɗalibai da iyaye a kan fannin da ya kamata yaro ya karanta. A 'yan shekarun nan wata sabuwa ta shigo cikin jerin. Akwai jami'o'i a ƙasashen waje da ke ba da digiri a kan tsara wasannin bidiyo, to wanda ya karanta wannan zai sami aiki a kamfanonin da ke yin su? Tambayar tana da nauyi, domin shekara uku ko huɗu na rayuwar matashi da gumin iyayensa ake magana a kai. Ra'ayinmu shi ne digirin yana iya taimakawa, amma shi kaɗai ba ya ba mutum aiki, kuma ga yawancin ɗalibanmu akwai hanyar da ta fi shi tabbas.

Da farko dai, kada kowa ya raina wannan karatu. Jami'ar Abertay da ke birnin Dundee a Birtaniya ta fara ba da digiri a fannin wasannin kwamfuta tun 1997, kuma a birnin ne kamfanin DMA Design ya yi Lemmings a 1991 da Grand Theft Auto a 1997. A Amurka akwai makarantar DigiPen a garin Redmond, maƙwabciyar ofishin Nintendo. A 2005 wasu ɗalibanta suka yi wasa mai suna Narbacular Drop a matsayin aikinsu na shekarar ƙarshe. Kamfanin Valve ya gani, ya ɗauke su aiki gaba ɗaya, kuma daga nan aka sami Portal a 2007. Haka nan Jenova Chen da Kellee Santiago sun haɗu ne a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, suka kafa kamfaninsu a 2006, wanda ya fitar da Journey a 2012.

Amma mu duba abin da ya haɗa waɗannan labarai. Makarantun nan suna zaune ne kusa da kamfanoni, watau masu ɗaukar ma'aikata suna iya zuwa su ga aikin ɗalibai. Na biyu kuma, ɗaliban sun gama wasa wanda mutum zai zauna ya buga. Abin da Valve ya gani ke nan kafin ya tambayi takardar kowa. Gani ya kori ji.

Da yawa daga cikin manyan wannan sana'a ba su karanta ta a aji ba. Shigeru Miyamoto na Japan, wanda ya ƙirƙiro Donkey Kong a 1981 da Super Mario Bros. a 1985, zanen kayan masana'antu ya karanta kafin ya shiga Nintendo a 1977. Eric Barone ya gama digirin kimiyyar kwamfuta a 2011, bai sami aikin da yake nema ba, sai ya riƙa aikin nuna wa 'yan kallo kujera a gidan wasan kwaikwayo, yana kuma gina Stardew Valley shi kaɗai fiye da shekara huɗu, har ya fito a 2016 ya sami karɓuwa ƙwarai. Ba muna cewa kowa zai yi irin sa'arsa ba, domin dubbai sun gwada ba a ji labarinsu ba. Muna nuna cewa ƙofar ba ta digiri ɗaya ba ce.

Sai kuma batun guraben aiki. A babban kamfani, masu rubuta manhaja da masu zane sun fi masu tsara dokokin wasa yawa, kuma ba kasafai ake miƙa wa sabon hannu ragamar tsarawa ba. Da yawa sukan fara ne daga gwajin wasa don gano kurakurai, aikin da albashinsa bai taka kara ya karya ba. Bugu da ƙari, sana'ar ba ta da kwanciyar hankali. A 2023 fiye da mutum 10,000 suka rasa aikinsu a cikinta. A Janairun 2024 Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashensa na wasanni, Unity ya sallami kimanin 1,800, a Fabrairu kuma Sony ya sallami 900. Wanda ya fito da sabon digiri a irin wannan lokaci, da ƙwararrun da suka shekara goma suna aiki zai yi takara. Makarantu ma sukan rushe: a Satumban 2023 rukunin makarantun kuɗi na Art Institutes a Amurka, waɗanda suke koyar da zanen wasanni, suka rufe sauran rassansu, ɗalibai na tsakiyar karatu.

A nan Afirka akwai kamfanoni, alal misali Maliyo Games da aka kafa a Legas a 2012, da Kiro'o Games na Kamaru wanda ya fitar da Aurion a 2016. Abin alfahari ne, amma ƙanana ne, ba za su iya ɗaukar dukan masu sha'awa ba. Aiki a waje kuwa sai da izinin zama da na aiki, wanda digiri ba ya tabbatarwa.

Saboda haka shawararmu ga ɗalibai ita ce ku karanta fanni mai faɗi, kamar kimiyyar kwamfuta, lissafi ko zane. Wanda ya iya rubuta manhaja, in kamfanin wasanni bai ɗauke shi ba, banki ko kamfanin sadarwa zai neme shi. A gefe kuma ku koyi yin wasa da hannunku. Manhajojin Godot, Unity da Unreal ana saukar da su kyauta ga mai koyo. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku yi ƙaramin wasa ku gama shi, ko da dara ce ko wata tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ku kuma sani iya buga wasa daban, iya yin sa daban. Mai gudun ajin lissafi ba zai sa ƙwallo ta yi tsalle daidai a allon kwamfuta ba, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Wanda kuma ya sami hali ya nace sai digirin wasannin, to ya yi tambaya kafin a biya ko kwabo. Malaman sun taɓa aiki a kamfani? Ana tura ɗalibai koyon aiki? Ɗaliban bara nawa ne suka sami aiki, kuma wane iri? Makarantar da ta kasa amsa waɗannan a fili ba ta cancanci kuɗinku ba.

Iyaye kuma, muna roƙo kada ku kashe wa yaro gwiwa don kun ji kalmar wasa. Ku ce ya nuna muku abin da ya yi da kansa. In ya nuna, ku tallafa masa. In har yanzu bugawa kawai yake yi, ku mai da shi ga littafinsa. Allah ya ba ɗalibanmu masu fita nasara a duk inda suka nufa.