Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Bahaushe ko a Doha yake zaune, in ya ga bayan-gidansa ya yi baƙi, sai ya ce basir ne. Wannan kuwa kuskure ne babba. Tsawon ƙaramin hanji ya kai kamar mita 6, jefi-jefi kuma ƙari kan tsiro cikinsa, na kitse ko na jijiyoyin jini. Ba ciwon daji ba ne, amma yakan zubar da jini a ɓoye har mutum ya ɗashe. Tun 2001 akwai 'yar kyamara kamar ƙwayar magani, wadda akan haɗiye ta ɗauko hoton wurin. Maimakon jiƙon sassaƙe, gara mutum ya nufi Asibitin Hamad a duba shi. In aka yanke ƙarin, galibi jinin ya tsaya ke nan.