Mota ɗaya, batir biyu



Galibinmu ba mu da mota. Amma mota ce ke kwashe albasarmu zuwa Galmi, ita ke kai bisashe kasuwar Konni, ita ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare. In ta ƙi tashi, mu ke kwana bakin hanya. Don haka a wannan wata maganar batir za mu yi.

Motar da muka saba da ita batir ɗaya gare ta, mai bolt 12. Bolt shi ne awon ƙarfin wuta, kamar yadda muke awon hatsi da tiya. Inji na tafiya, dinamo na mayar wa batir abin da ya kashe.

Yanzu maƙera sun fito da wata iri mai batir biyu. A shekarar 2024 Toyota ta fara sayar da Hilux irin wannan a Turai, kuma abin da aka hau a can, wata rana zai iso tasharmu. Batir na biyu bolt 48 gare shi. A Hilux yana ƙarƙashin kujerar baya. In direba ya taka birki, ƙarfin gudun da zai tafi banza sai ya zama wuta ya shiga babban batir. Daga nan wani ɗan akwati ke rage wutar ya ba ƙaramin, kamar saniya na shayar da maraƙi. Amma in ƙaramin ya mutu mota ba ta tashi, ko babban na cike, don ƙaramin ke tada na'urorin da ke buɗe wa babban hanya.

To, in ya mutu ƙaƙa za a yi? Kada a tara samari a ce a tura. Hilux ɗin nan da kanta take canja giya, turi ba ya tada ta. Ƙaramin batir kaɗai ake yi wa caji. Babban kuwa, ko makanike sai wanda ya koyi aikinsa. A kashe mota. Jar waya a kan alamar +. Baƙar waya a maƙala ta jikin ƙarfen inji, nesa da batir. Batir na fitar da iska mai kama wuta, mai taba ya ja baya. In batir ɗin rufaffe ne, kada a fasa shi don a zuba ruwa.

Tun 2018 Malbaza na da babbar tashar wutar rana, kuma gidaje da dama sun sa allon rana a kan soro. Nan ne nake ganin haɗari. Allon da ake sayarwa don batir mai bolt 12 yana iya ba da har kusan 20 da rana tsaka. Wanda ya haɗa shi da batir kai tsaye ya bar shi, dafa batir ɗin yake yi. Sai da ɗan akwatin daidaita wuta a tsakani.

Direba ya sa a auna masa. Cikakken batir, in mota na kashe, yana nuna bolt 12,6. In ya sauka ƙasa da 12, a yi masa caji a gari tun kafin a ɗora buhu ko ɗaya.