Shaidar Yara Kan Ɓarnar Ƙasa: Me Ya Hana Mu Saurara?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a 'yan shekarun nan finafinan da ke ba da labarin gaskiya game da fari da ƙarancin ruwa da gurɓacewar ƙasa sun shigo wayoyinmu, kuma da yawa daga cikinsu ana ɗora labarin ne a bakin yara ƙanana. A majalisun Talata Mafara da Bakura da Maradun, maganar da muka fi ji daga masu kallo ita ce: "Ai karanta musu aka yi, yaro me ya sani?" Akwai kuma waɗanda ke zubar da hawaye, su tura wa wani, shi ke nan sun sauke nauyi. Hakika ba mu tare da ko ɗaya daga cikinsu, amma da masu maganar farko za mu yi zama, domin maganarsu tana da kamar hujja.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun riga mu tunani a kan wannan mas'ala. Asali dai ba a karɓar shaidar wanda bai balaga ba. Sai dai Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Zubairu yana yin hukunci da shaidar yara a kan raunukan da suka auku a tsakaninsu, kuma mazhaba ta tafi a kan haka bisa sharaɗin a ji su kafin su watse, kafin wani babba ya shiga tsakaninsu. Dalili a fili yake: a wurin wasan yara babu wanda ya halarta sai su, in an ƙi jin su jini ya tafi a banza. Sharaɗin kuwa an sanya shi ne saboda tsoron abin nan da masu kallo ke faɗa, wato a cusa wa yaro magana. Ashe malamai sun san ana iya karanta wa yaro, amma ba su toshe kunne ba, sai suka tsara yadda za a saurare shi. Ba muna cewa fim kotun alƙali ba ne, hikimar muke nuni a kanta.

To, wane wuri ne ya fi zama wurin yara kamar tsakar gida? A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Ana kawo duwatsun zinariya gida, a niƙa su, alhali akwai dalma mai yawa a cikinsu. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki, sai amai da jijjiga, sai mutuwa ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Yara fiye da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, amma aka bar Bagega tana jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya. A Fabrairun 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da wani gajeren fim da ya nuna wa duniya halin da yaran ke ciki, matasa kuma suka yi ta kiraye-kiraye da sunan garin, sannan a farkon 2013 aka saki kuɗin aka yi aikin. Ba fim kaɗai ya yi wannan ba, amma wanda ya ce hoton yaran nan bai taɓa kowa ba, bai yi adalci ba. Kuma a 2015 irin wannan musiba ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Mu kwatanta da abin da ya faru a ƙofar gidanmu. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. Ruwa ya cinye gidaje da gonaki, ambaliyar da ke ciyar da fadamu a ƙasan madatsar ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Da manoma suka tsaya neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980, kuma har yau adadin da gwamnati ta faɗa daban, wanda mutane ke faɗa daban. Yaran da suka ga wannan da idanunsu yanzu sun yi furfura, wasu sun riga mu gidan gaskiya da abin da suka sani. Da an ɗauki maganarsu a lokacin, da jikokinsu ba su dogara da ji-ta-ji-ta ba.

Duk da haka akwai inda muke ba masu shakka gaskiya. Fim ɗin da Aïssa Maïga ta fitar a 2021 mai suna Marcher sur l'eau, wanda ya bi wata yarinya 'yar shekara 14 a ƙauyen Tatiste na Jamhuriyar Nijar tana nemo ruwa tana riƙon ƙannenta, ya nuna wahala ta gaskiya, amma mai ɗauka shi ya zaɓi abin da za a gani da abin da za a yanke. Haka kowane fim yake. Don haka aikin mai kallo shi ne bin diddigi, kamar yadda aka hore mu a Suratul Hujurat, aya ta 6. In yaro ya ce rijiyarsu ta ƙafe, ai ba sai an yi gardama a kan wanda ya koya masa ba, rijiyar tana nan, a je a leƙa.

Masu ɗauka kuwa su ji tsoron Allah. Yaro amana ne, ba a ɗaukarsa sai da yardar waliyyinsa, ba a nuna tsiraicinsa ko a sa shi kuka don a samu masu kallo. A Zamfara abin ya wuce nan. Bayan satar ɗalibai a Jangebe da Bakura da Kaya ta Maradun a 2021, nuna fuskar yaro da sunan ƙauyensu yana magana kan ramin zinariya na iya zama sanadin halakarsa da ta iyayensa. A rufe fuska, a sakaya suna.

Maganar ba ta zama tarihi ba. Haramcin haƙar ma'adinai da aka sa wa jihar a 2019 an ɗage shi a Disambar 2024, MSF kuma ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha tun 2022. Saboda haka muna kira ga malaman Islamiyya na Mafara da Bakura da Maradun da kada su jira baƙo da na'urar ɗaukar hoto. Ɗalibanku su ne masu ɗebo ruwa da itace, su ne masu iyo a magudanun noman rani inda ake ɗaukar tsargiya. Ku tambaye su ko akwai mai fitsarin jini, ko ana niƙa dutse a gidansu, ko ana zuba ruwan sha a galan ɗin maganin feshi. Abin da suka faɗa a rubuta shi, a bincika, sannan kwamitin masallaci ya kai shi ga mai gari da asibiti mafi kusa a cikin makon.