Kuɗin Masara a Tafkin PancakeSwap

Ko kuɗin masarar bana bai gama ɗumi a aljihun samarin Mainika ba, malaman kirifto na WhatsApp sun fito da sabon salo. An wuce zamanin wasan Hamster Kombat, wanda ya cinye wa yaranmu data da barci a 2024. Yanzu kiran da ake yi daga Gwarzo har Kabo shi ne: zuba kuɗinka a tafkin PancakeSwap ko Uniswap, ka miƙe ƙafa, kamasho ya riƙa shigowa. Wani ƙanena ya nuna mini hoton ribar da aka turo musu, yana murmushi. Na tambaye shi ko malamin nasu ya yi musu bayanin asarar wucin gadi. Bai taɓa jin ta ba.

Ga yadda abin yake. A tsarinsa na asali, tafkin ba ya karɓar kuɗi iri ɗaya, sai biyu masu daraja daidai. A ce BNB ɗaya yana dala 300, sai ka zuba shi tare da USDT 300. Daga nan lissafin kwamfuta ne ke saye da sayarwa da dukiyarka, kuma shi bai san labarin kasuwa ba. Ka ɗauka ɗan canji ne a Wapa da ya kasa dala da naira a kan tebur ya toshe kunnensa. Dala na tashi a gari, masu wayo na zuwa suna kwashe tasa da araha suna bar masa naira, har sai farashinsa ya kamo na waje.

To, a ce BNB ya ninka sau huɗu ya kai dala 1,200. Ka zo cire kayanka, za a ba ka rabin BNB da USDT 600, jimla dala 1,200. Da ka bar su a asusunka ba ka taɓa ba, da kana da dala 1,500. Kashi 20 cikin 100 ya tafi. Ko ninki biyu kawai ya yi, kusan kashi 5.7 ne. In kuwa faɗuwa kuɗin ya yi, shi tafkin zai tara maka. Waɗanda suka haɗa LUNA da wani kuɗin a Mayun 2022 sun wayi gari da tulin abin da ba ya sayen ko ashana.

Za a ce kamasho kan cike giɓin, kuma in farashi ya koma inda yake asarar ta goge. Haka ne, ga mai halin jira.

Yaron Mainika fa? Damina na zuwa zai cire kuɗin ya sayi taki, ko farashi ya dawo ko bai dawo ba, kuma ranar da ya cire asarar ta tabbata.  Da buhun taki na isa hannun manomi a kan kari da farashin mutunci, da ba a ga saurayi yana biyan kuɗin cajin waya a shago don ya leƙa tafkin da bai san zurfinsa ba.

Masu koyarwar nan ba jahilai ba ne. Sun san lissafin sarai, suka ɓoye shi, domin kuɗin rajistar aji suke so. Wannan ha'inci ne. An ga yadda dandalin CBEX ya tafi da kuɗin mutane a Afrilun 2025, amma har yau ɗan gari ne ke kai ɗan'uwansa mahauta. Duk wanda ya karɓi kuɗin yaranmu da sunan darasi, a tsare shi a majalisa ya yi wannan lissafin na dala 300 a gaban iyayensu.