Garin neman gira: zare kan manhajojin rubutun fim da jarabar sabuntawa

1/ Yau sai na amayar da abin da ke raina kan manhajojin rubutun fim da wannan jarabar tasu ta "sabuntawa". Duk mai rubuta labari a Kannywood ko YouTube, da mai mafarkin farawa, ya matso kusa. Zaren da tsawo, ku nemi wajen zama. 🧵

2/ Daren Asabar ne. Litinin da safe za a fita lokeshan ɗaukar kashi na 14 na wani shiri mai dogon zango da nake rubutawa. Shafi 31, sin 22, an kulle lambobi, an raba wa kowa tun Alhamis. Sai darakta ya kira: "Malam, jaruma ɗaya ba za ta samu zuwa ba. A gyara sin uku kafin gobe da azahar."

3/ Aikin awa biyu ne, bai fi ba. Na buɗe kwamfuta, sai ga akwatin nan da ya yi mako biyu yana bina: sabon zubi ya fito. Kullum "anjima" nake dannawa. Ranar ga barci ga gajiya, hannu ya zame, na danna "yanzu".

4/ Ba zan kama sunan manhajar ba, kuma kar ku fara canki-canki, ba ta cikin waɗanda zan ambata a ƙasa. Da kuɗina na saye ta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/ Ta gama, ta buɗe, sai ta ce in shiga asusuna a intanet tukuna. Labarina yana nan cikin kwamfutata, a kan cinyata, amma sai wani kamfani a ƙetaren teku ya ba ni izinin ganinsa. An ɗauke wuta, sabis na rawa. Sai da na fita ƙofar gida wajen ƙarfe ɗaya na dare ina ɗaga waya sama kamar mai duban wata.

6/ Na samu na shiga. Jama'a, duk inda na rubuta ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ, wani ɗan akwati ne a wurin. Ƙofa ta zama akwati da "ofa". Ɗaki ya zama akwati da "aki". Sunan jarumina yana farawa da Ɗ, manhajar ta ɗauka sabon mutum ne, ta ware shi daga jerin jarumai.

7/ Wanda ba ya rubutu da Hausa zai ce ƙaramin abu ne. To kafa daban, ƙafa daban. Baki daban, baƙi daban. Jarumi ya karanta layi ba ƙugiya, sai ya tsaya ana ɗauka ya tambayi me ake nufi, janareta na shan mai.

8/ Duk wannan wasa ne kan abin da na gani gaba. Shafi 31 ya koma 33, kuma lambobin sin da na kulle sun warware, ta sake jera su daga farko. Bari in tsaya nan kaɗan, don a nan ne mutane ba sa gane girman ɓarnar.

9/ Rubutun fim takardar aiki ce da mutum ashirin ko talatin ke dogaro da ita. Ba a ɗaukar fim a jere. Duk sin ɗin da ke falo ana ɗauke su rana ɗaya, ko da ɗaya a farkon labari yake ɗaya a ƙarshe. Da lambar sin mai jadawali ke tsara ranaku, da ita mai kaya ke sanin wace atamfa za a saka, da ita mai tace hoto ke nemo abin da aka ɗauka.

10/ Shi ya sa da zarar an raba, sai a kulle. In ka ƙara sin tsakanin 12 da 13, sunansa 12A, ba ka taɓa 13. In ka cire, lambar na nan a rubuce an ce an cire. A Hollywood har launin takarda suke sauyawa a kowane zagayen gyara: fari, sai shuɗi, sai ruwan hoda, sai rawaya, sai kore, don kowa ya san wanne ke hannunsa.

11/ Wannan kulle lambar yana cikin manyan dalilan da suka sa muke biyan kuɗin manhaja maimakon mu buɗe Word kawai. Shi sabuntawar ta fasa. A madadinsa ta ba ni sabon launin bango da wani allo mai ƙirga min kalmomin da na rubuta yau, har da tafi.

12/ Na ce to bari in koma tsohon zubi. Babu maɓallin komawa. Na tono tsohon fayil ɗin sakawa, na saka, sai ya ce ba zai iya buɗe labarin ba, don sabon zubi ya riga ya juya shi zuwa sabon tsari. Bai tambaye ni ba, bai ajiye min na asali a gefe ba.

13/ Na san masu "ai da ka yi ajiya" sun fara ɗumama yatsu. Na yi. Ajiyar tana rumbunsu na intanet, ita ma ta bi sabon tsarin cikin minti ɗaya. Abin da ya cece ni PDF ɗin da na tura wa darakta a WhatsApp ranar Alhamis.

14/ Yanzu ga tambayata. Tsarin shafin rubutun fim ya daɗe bai motsa ba. Harafin Courier, girma 12, gado daga zamanin tafireta. Kowane harafi faɗinsa ɗaya, shi ya sa ake ƙiyasta shafi ɗaya a matsayin minti ɗaya na kallo. Kan sin, bayanin aiki, sunan mai magana, magana. Kusan shi ke nan. Me ake sabuntawa duk bayan 'yan watanni?

15/ Amsar a aljihu take. Kamfanin da ya sayar maka da abin da ke aiki ya gama cin kuɗinka, sai dai ya ƙirƙiro dalilin da za ka sake biya. Ko ya fito da sabon zubi mai ƙyale-ƙyale, ko ya mayar da kai ɗan haya, kana biya wata-wata kafin ka taɓa rubutunka.

16/ Final Draft, wadda ake ɗauka uwa a wannan fage, tana nan tun farkon shekarun 1990. Zubi na 13 ya fito a 2024, kuma cikin abubuwan da aka tallata shi da su har da damar saka emoji. Farashinta na kanti a 2024 kusan dala 250 ne. Ku lissafa da kanku, a shekarar da dala ta haura naira 1,500. Ni dai ban taɓa jin daraktan da ya dawo da labari don babu fuskar dariya a ciki ba.

17/ Da yawanmu da Celtx muka koyi rubutu, wadda ake saukewa kyauta a kwamfuta, tana aiki ko babu intanet. Kamfanin na Kanada daga baya ya tattara ya koma intanet da biyan wata-wata. Haƙƙinsu ne, ban musa ba. Amma wanda ke da tsofaffin labarai a tsohon tsarin ya san zufar da ake yi kafin a fito da su.

18/ Akwai wanda ya fi wannan. Adobe Story, an rufe ta a farkon 2019. Amazon Storywriter, an rufe ta a tsakiyar shekarar. Manyan kamfanoni biyu da ba wanda zai ce kuɗi suka rasa. Sun ba da sanarwa kowa ya kwashe kayansa, wanda bai duba imel ba kuwa sai haƙuri.

19/ Don haka in wani ya ce min "ai rumbun intanet ya fi aminci", sai in tambaye shi a hannun wa makullin yake.

20/ Bari in yi adalci, don na san akwai masu rubuta manhaja a nan kuma za su zo min. Eh, wata sabuntawar dole ce. A 2019 Apple ta fitar da macOS Catalina, ta daina karɓar tsofaffin manhajoji masu bit 32, duk wadda ba a sabunta ba ta mutu a kan sabon tsarin. Microsoft ma ta tsayar da Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen kula da Windows 10. Ƙasa na motsi a ƙarƙashinsu, na yarda. Kuma su ma suna da iyali.

21/ To a toshe ɓarakar tsaro, a daidaita da sabon tsari, zan biya. Me ya haɗa wannan da sauya min wurin maɓalli? Shekara shida yatsuna sun haddace: Tab, sunan jarumi, Enter, magana. Ba na kallon allo, muryar mutanen nake ji. Ka sauya wannan, ka mayar da ni ɗan koyo a daren da ba ni da lokacin koyo.

22/ Kuma wa aka gwada abin a kansa kafin a sake shi? Mai wutar da ba ta ƙiftawa, mai intanet ba iyaka, mai rubutu da haruffa 26 na Turanci. Da mutum ɗaya a ɗakin gwajin ya buga kalmar "ƙarƙashi" ya fitar da PDF, da an kama matsalar cikin minti biyu. Haruffan nan suna cikin Unicode tun tuni. Hausa na da masu magana miliyoyi barkatai, ga masana'antar fim da ke sakin sabon kashi duk mako.

23/ Mu dawo kan maganar kuɗina. Ba sirri ba ne, kwamfutoci da yawa a harkar nan kwafin sata ke kansu. Ba na goyon baya, kuma na ga wanda irin wannan kwafin ya shigo masa da cutar da ta cinye aikin shekara. Amma ku duba abin takaici: a daren nan, mai kwafin sata yana rubutunsa lafiya lau. Ba a ce ya shiga asusu ba, ba a sabunta masa komai ba. Ni da na sha wahalar neman katin da zai biya dala, ni ke tsaye a ƙofar gida ina farautar sabis.

24/ Wai kar ku ɗauka ƙauyanci ne ƙin sabuntawa. Eric Roth, wanda ya ci Oscar da rubutun Forrest Gump kuma yana cikin marubutan Dune na 2021, da wata tsohuwar manhajar DOS mai suna Movie Master yake rubutu. Shafi 40 take ɗauka ta cika. George R. R. Martin kuwa WordStar 4.0 yake amfani da ita, a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet. Mutanen da za su iya sayen kowace manhaja a duniya ke nan.

25/ Abin da na koma yi yanzu sunansa Fountain. Ba manhaja ba ce, ƙa'idar rubutu ce kawai, John August marubucin Big Fish da Stu Maschwitz suka fito da ita a 2012. Rubutu ne tsura, irin wanda Notepad ke buɗewa, ko kowace manhajar rubutu a waya. Ba asusu, ba lasisi.

26/ Sunan jarumi da manyan baƙaƙe, maganarsa a layin ƙasa. Kan sin yana farawa da INT. ko EXT., amma in kana son CIKI da WAJE, sai ka sa ɗigo a farkon layin, za a gane kan sin ne. Lambar sin kuma kai ke rubuta ta a ƙarshen layi, kamar #12A#. Tana cikin rubutun, a idonka.

27/ In an zo fitar da PDF sai ka zuba shi a manhajar da ke karanta Fountain, suna da yawa. Fade In, misali, sau ɗaya ake biya, sabuntawarta kyauta, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Trelby kyauta ce gaba ɗaya, sai dai ba ta da ado. Ba talla nake ba, ba wanda ya ba ni ko sisi. Kowacce ka ɗauka, fara buga ƙ ɗ ɓ ƴ ka fitar da PDF ka gani da idonka kafin ka zuba mata labari.

28/ Fountain ma tana da nata. Ranar farko za ka ji kamar an ƙwace maka mota an ba ka keke, kuma bin sawun gyare-gyare masu launi sai ka koma cikakkiyar manhaja. Amma asalin labarin yana hannuna, a filash biyu da waya.

29/ Mu ma da laifinmu. Ana shirya bita kan gina labari, kan tsara jarumi, ban taɓa zama a wadda aka ware ko minti goma aka ce wa yara ga yadda ake kashe sabuntawa ta kai-tsaye, ga yadda ake ajiye kwafi a tsarin da ba na kamfani ɗaya ba. Sai an ƙone tukuna kowa ke koya shi kaɗai.

30/ Ga masu manhajar kuma, in akwai mai jin Hausa a cikinku: ku tambaye ni kafin ku taɓa fayil ɗina, ku ajiye na asali, ku bar min ƙofar komawa tsohon zubi. Kuma abin da na biya ya buɗe ko babu sabis. Emoji ɗin ku riƙe abinku.

31/ Masu tambayar yadda aka ƙare: na kwana ina kwafe sin ukun daga PDF, na gyara su a waya, muka buga a shagon kwafi da safiyar Lahadi. Lambobin da biro na rubuta su, ɗaya bayan ɗaya, kwafi 18. Yarinyar da ke kula da kwantiniti ta karɓi nata ta juya shi ta ce, "Yaya, kwamfutar taka ce ta lalace?"

32/ Na ce mata a'a, sabunta ta aka yi.